Zaliha Mai Almakashi

Duk wanda ya shiga bironmu, wato ofishin furojen raya ƙasa da muke aiki a Tahoua a shekarun nan na tasa'in, ya san Zaliha. Ita ce sakatariya, ni kuma mai karɓar baƙi, tebur na kallon tebur. Mace ce mai tsawo, ba ta da yawan magana, amma kar ka kuskura ka ajiye jarida kusa da ita. Kafin ka waiga ta huda ta da almakashi.

Abu biyu ta sa a gaba. Na farko littattafan labarin mutanen dā, kuma ba na yaƙi ko na sarauta ba, na masu son littafi: malamin da ya ratsa hamada da gafaka a wuya, matar da ta binne takardun ubanta a tukunya don kada mahara su ƙone su. Tana aro a ɗakin karatu na gari, ta karanta da faransanci, ta juya mana da Hausa muna cin dambu. Wata rana na tarar da ita tana hawaye, na ce wa ya rasu. Ta ce raƙumin da ke ɗauke da littattafan ne ya faɗi. Na ce, «Zaliha, Allah ya shirye ki, raƙumin ƙarya kike wa kuka?»

Na biyu albom ɗinta. Bayan taron ƙasa da ya buɗe ƙofar siyasa jaridu sun yi yawa, kowace jam'iyya da zanenta, ita kuwa tana yanka tana liƙawa: ƙyallen biki, katin suna, hotunan mutanen unguwa. Mata suka riƙa kawo mata hotunan mazansu da suka tafi ci-rani Abijan, don a wurinta ba ruwa ba ƙiriniyar yara. Da aka karya darajar sefa, gam ya yi tsada, sai ta koma liƙi da talge. Na faɗa mata talge abinci ne, kuma ba mu kaɗai ke jin yunwa ba. Ta yi dariya.

Cikin masu ajiyar har da maƙwabciyarta Rakia, 'yar Barmou. Mijinta Alƙasum ya tafi Abijan 'yarsu Habi na goye, can ya rasu, can aka rufe shi. Hoto ɗaya tak ya bari. Rakia irin matan nan ce da ba sa kama sunan miji ko da wasa. Ranar da Zaliha ta tambaye ta me za a rubuta ƙarƙashin hoton, sai ta sunkuyar da kai ta ce, «Shi.»

Da furoje ya kawo ordinatar, wato kwamfuta, da na'urar da ke kwafe hoto ta sa a ciki, Zaliha ta bi ma'aikacin da ya haɗa su har ya koya mata. Kullum da tsakar rana, muna hutawa, tana shigar da hotunan unguwa ɗaya bayan ɗaya. Mun yi mata tsiya sosai. Ta ce duk labarin da ta karanta, wanda ya kwafi littafi ne ke tsirar da shi.

Daminar da za a yi bikin Habi, Rakia ta zo karɓar hoton don a rataya a ɗakin amarya. Zaliha ta buɗe akwatin da take ajiye albom, sai ƙasa. Gara ta bi talgen shafi shafi, ba ta bar ko kunnen mutum ba. Rakia ba ta yi faɗa ba, ta zauna kurum a bakin gado.

Washegari Zaliha ta kawo su biro, uwa da 'ya. Ta buga Alƙasum a ordinatar, babu. Ta buga Barmou, babu. Ta buga Rakia, sai hoton Rakia kaɗai ya fito. Ta sake gwadawa, babu.

Rakia ta ce a hankali, «Yaya Zaliha, bar wahala. In babu shi, babu shi.»

Zaliha ta tsaya cak, ta dube ta. Sai ta sa yatsa ta buga harafi uku: shi. Ashe yadda aka faɗa mata haka ta ajiye.

Fuskar ta fara saukowa daga sama sannu sannu, hula tukuna, sannan goshi, sannan idanu irin na Habi sak. Yarinyar ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Zaliha ta ja kujera baya, ta ba su wuri, kamar ba ita ta yi aikin ba. Wallahi ranar na ji kunyar duk tsiyar da na yi mata, kuma na ƙara ƙaunarta.

Rakia ta miƙe, ta gyara mayafi ta rufe kai sosai. Ta ɗan rusuna a gaban ordinatar ɗin, idonta a ƙasa.

Ta ce, «Sannu da hanya.»