Kazar Inna a kan kabu-kabu

Jama'a, yau na ga kazar da ta fi ni natsuwa. Wataƙila na rikita wani abu.

Ruwa ya shiga gidan Inna a Bana, kazarta tana kwance kan ƙwan zabi. Inna ta ce, "In ƙwan ya huce, shi ke nan." Na sa kazar da ƙwan a kwando, na hau kabu-kabun Sani, wato babur ɗinsa na haya, zuwa Gaya inda ruwa bai kai ba. Kowane rami sai gabana ya faɗi. Kazar ko gezau.

A shinge jandarma ya ce, "Malam, me ke kuka ciki?" Na buɗe. Ɗan zabo ne ya leƙo ta ƙarƙashin fiffikenta, sauran ƙwan da ɗuminsu!

Ya ce, "Wannan ba shi da takarda, amma ku wuce."

Sani, in na kauce, gyara mini.