Baƙon da Ke Leƙen Rijiya

Ran kasuwar Madarunfa, da rana tsaka, na ga wani baƙo tsaye bakin tsohuwar rijiyar bayan tasha. Dogo ne siriri, sanye da baƙin kwat duk da zafin bazara, tabaransa ɗaure da zare a kunne ɗaya. Ba guga a hannunsa. Leƙe kawai yake, leɓɓansa na motsi.

Wata dattijuwa mai suna Inde ta zo ɗibar ruwa, ta gaji da jira, ta kira shi yadda ake kiran 'yan boko da Faransanci. "Mushe, wani abu ya faɗa maka ciki ne?"

Bai ɗago ba. "Inna, can sama akwai taurarin da in sun mutu sai su zama rami. Ko haske ya shiga, ba ya fitowa. Damuwata ita ce, abin da ya faɗa ciki, labarinsa ya ɓace ke nan har abada?"

Ina zaton dogon karatu ya yi a Faransa, ya dawo ya tarar yunwar bara ta share gidansu. Ban tambaya ba.

Inde ta ajiye tulunta. "Ɗana Kanta ya tafi ci-rani Najeriya, har yau shiru. Ramin naka ba ya maido komai?"

"Masana sun ce yana maidowa, kaɗan-kaɗan. Amma ɗumi kawai ke fitowa. Babu suna, babu kama."

Sai ya shimfiɗa tafinsa bisa bakin rijiyar kamar mai jin wuta. Inde ta dube shi, ta dubi duhun da ke ƙasa, sannan a hankali ita ma ta miƙa nata hannun.