Hoton Inna a Gadon Asibiti

A Rawayya ciwon ya kama mahaifiyata, tana tankaɗen gari a tsakar gida, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Aka ɗauko ta a mota zuwa asibiti a Gusau, ni kuma na baro makarantar da nake koyarwa ko allin hannuna ban wanke ba. Na iske Inna kwance an sa mata ƙarin ruwa, baki ya karkace, miyau na zuba. Kallabinta ya zame garin ɗaukarta, furfura duk a waje, zani ya yaye har gwiwa. Na gyara mata, na goge mata baki, na zauna.

Ko numfashi ban gama mayarwa ba wayata ta fara ƙara babu ƙaƙƙautawa. Na buɗe guruf ɗin danginmu, sai ga Inna. Inna dai, yadda na iske ta kafin in rufe ta, kai a buɗe, baki a karkace. A ƙasa an rubuta a taya mu da addu'a, jikin Inna ya tsananta. Babban wanmu ne ya ɗauka ya tura, mutane kuwa sai zubo "Allah ya ba ta lafiya" suke yi.

Matar da tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta leƙa zaure babu mayafi ba, ita ce yau a aljihun kowa, har yaran da aka haifa jiya.

Na sami wan namu a baranda yana amsa gaisuwa.

Na ce, "Yaya, goge hoton nan."

Ya ce, "Ke kuma mi ne matsalarki? Addu'a fa na roƙa mata."

"Addu'ar ba ta karɓuwa sai da hoto? In kai ne kwance ba riga, ka yarda a tura?"

Ya ce ba ni da kunya. Na ce ƙwarai, yau ba ni da ita, ta Inna nake nema. Ya goge yana huci, yana cewa boko ya lalata ni. Ni kuma na koma ciki ina ganin na kashe wutar. Ashe ban san kome ba.

Bayan la'asar sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta taho daga Tsafe da kwanon fura. Ba ta cikin guruf ɗinmu, a na matan islamiyyarsu ta gani, wata ta tura wa wata. Tana kuka tana salati, kafin in ankara ta sunkuya a kan gadon ta kai wayar daidai fuskar Inna.

"Duba ki gani, har Tsafe ana ta yi miki addu'a."

Ita da zuciya ɗaya ta yi, na sani. Amma Inna ta gani. Ba ta iya magana, idanunta dai suka tsaya a kan wayar, sannan hannunta mai lafiya ya tashi a hankali ya hau kanta yana laluben kallabi, alhali yana nan na ɗaura mata shi tam. Ta ja shi, ta ƙara ja, har ya rufe mata gira. Hawaye ya gangara cikin kunnenta.

Washegari na wanke bokitin roban da muke zuba kwanuka, na dasa kujera a bakin ƙofar ɗakin. Duk wanda ya zo dubiya, waya a bokiti, sannan ya shiga. In ya fito ya ɗauki abarsa.

Kai, na sha zagi! Kawu, wan Inna, ya zo da babbar riga, na miƙa masa bokiti. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ni za ki caje kamar ɓarawo? Ƙanwata ce fa kwance."

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba da kai nake ba. Amma in na bar taka, da wane baki zan karɓi ta wani?"

Ya juya ya tafi bai shiga ba. Aka ce na hana mutane ladar dubiya, aka ce na mai da kaina 'yar sanda, matar Yaya ta ce ko mahaifiyar ni kaɗai ta haifa. Na ce ku faɗi duk abin da kuka ga dama, bokiti dai yana nan. Tsakanin masu dubiya kuma ina ta kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, Bungudu, Wanke, Tsafe, ina roƙon don girman Allah a goge. Kowa ya ce ya goge. Wasu na yarda da su, wasu na san faɗa kawai suka yi don in sauka daga layi.

Da aka sallame ta muka koma Rawayya, na ɗauki hutu na zauna da ita. Maganar ta fara dawowa kaɗan-kaɗan, kalma ɗaya, biyu, da ƙyar. Wata rana da hantsi ina ba ta kunu da cokali, ta kau da kai, ta riƙe min hannu. Ta daɗe tana kokawa da harshenta.

"Mijinki," ta ce. "Ya gani?"

Ya gani. Yana cikin guruf ɗin, ya ma riga ni gani. Surukin da shekara da shekaru daga bayan labule take amsa gaisuwarsa, ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba.

Na dube ta ido cikin ido na ce, "Bai gani ba, Inna. Wayarsa ta lalace a makon."

Ta saki hannuna, ta buɗe baki na ba ta kunun, ta shanye kofin tas. Ƙarya na yi mata, na sani, kuma Allah ya sani. In ta sake tambayata gobe, haka zan sake faɗa mata.