Gajera Ba Ta Cin Abincin Doguwa

A gidanmu na Kende, idan sanyi ya taso daga kogi, Kaka ce ke da tsakar gida bayan sallar isha'i. Za ta hura wuta da karan dawa, ta tura dankali cikin toka, mu jikokinta mu kewaye ta. Tsohuwa ce mai tsokana. Ni "uwar kwaɗayi" take ce mini, wai kunnena yana wurin tatsuniya amma idona yana cikin toka. Ba ta yi mini ƙarya ba.

Shekarar da nake son ba da labarinta, ɓarayi suka kwance mana shanun huɗa guda biyu, aka bi sawunsu har ya nufi iyakar Benin. Kawu Dantani, autan Kaka, shi ya rene su tun suna maruƙa, kuma tun ranar bai sake cin abinci ya ƙoshi ba. Ran kasuwar Lolo ya dawo da wata 'yar guntuwar bindiga a cikin buhun gishiri, tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Harsashin da aka haɗa masa da ita ya ƙare wajen koyon harbi. Sai ya tattara kwanson da ya harba, ya ce shi da kansa zai sake ɗura su, domin washegari zai bi 'yan banga neman shanunsa.

Abin da ya tsinka wa Kaka zuciya shi ne ƙahon. Marigayi kakanmu maharbi ne, yana da doguwar bindiga adaka da wani ƙaramin ƙaho da yake auna mata albarushi. Ƙahon nan ne Kawu ya ciro daga bango. Da la'asar ta yi masa magana, ya ce, "Inna, wagga ba maganar mata ba ce." Ta dube shi, ta koma kan aikinta. Mu da muka san ta, mun san maganar ba ta ƙare ba.

Da muka taru, Kawu yana zaune a ƙofar ɗakinsa nesa da wutar, tocila a maƙale a wuyansa, yana cika ƙahon yana juyewa a kwanso. Muna jin ƙarar ƙwas, ƙwas, in ya buga. Ranar Kaka ko dankali ba ta sa ba.

"Ga ta nan," in ji ta, "amma ta yau ba ta dariya ba ce."

Muka ce ta zo mu ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ce wani maharbi ne ke da bindigogi biyu, yaya da ƙanwa, Doguwa da Gajera. Doguwa mai ci ce, ƙaho guda take lashewa. Gajera kuwa cinta kamar na jinjiri. Maharbin yana da doka: duk baƙon ɗuri, itace ke fara gaisawa da shi. Sai ya ɗaure bindigar a jikin bishiya, ya sa doguwar igiya a kunamarta, ya koma bayan suri ya ja. Da ya rasu, sai kura ta shigo ta cinye awakin ɗansa. Yaron nan zuciya ta ɗebe shi. Ya ɗauki Gajera don ta fi daɗin ɓoyo a riga, ya cika ƙahon Doguwa zai ba ta.

A nan Kaka ta sirantar da murya, ta zama Gajera. "Ɗan maigida, cikina ƙarami na. In ka ba ni abincin yayata, amai za ni yi, kuma ba ta baki za ni yi shi ba."

Ƙwas ɗin Kawu ya tsaya. Ko mu yara mun gane gugar zana ce.

"Inna, ki bar tsorata yara," ya ce daga can.

Ko juyawa ba ta yi ba. Ta ce yaron ya ɗura mata, ya ƙi kai ta gaida itace, ya tafi ya sami kura a bakin raminta. Ya miƙa hannu, ya ja kunama. Kura ta koma gida da dariyarta. Shi kuwa, har uwarsa ta tsufa ita ke yanko tuwo tana sa masa a baki.

"Ya mutu, Kaka?" ƙanena ya tambaya.

"Bai mutu ba. Hannu dai anka bizne."

Ba ta rufe da kan ɓera ba kamar kullum. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta je bakin rijiya ta kwance igiyar guga, ta zo ta jefa a gaban Kawu.

"Ubanka da ka ɗauko ƙaho nai, har ya mutu bai taɓa harba baƙon ɗuri da hannu nai ba. In ka fi shi sani, to. In ba ka fi shi ba, ga giginya can bayan gida."

Kawu ya yi tsaki. "Harsashi ɗaya za ki sa in yi asara."

"Ka yi asara tai. Ni na haifi hannun ga."

Na kwanta ina kuka a cikin bargo, domin Kawu ne ke ɗora ni a wuya ya kai ni fadama, kuma da hannun daman nan yake riƙe mini ƙafa.

Da safe, ina jin don ya ƙure ta ne kawai ya yarda. Ya ɗaure bindigar a jikin giginya yana gunaguni, ya ja igiyar har bayan katanga. Kaka ta tattara mu a bayanta. Ya ja.

Kai! Ƙarar ta sa kajin gidan suka watse, kunnena ya yi ta zuwwa. Da hayaƙi ya lafa, muka leƙa. Bindigar ta tsage gida biyu, wani guntun ƙarfe ya nutse a jikin giginyar, wurin ya yi baƙi ƙirin. Kawu ya tsaya yana juya hannunsa, ciki da baya, yana motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sai ya durƙusa a ƙasa.

Na zaci Kaka za ta yi masa gori. Ina! Cewa ta yi, "A maido mini igiyata, ban ja ruwa ba." Ta karɓe ta, ta nufi bakin rijiya.

Shanun dai ba su dawo ba. Damina biyu Kawu yana noma da fartanya kafin ya sake haɗa wasu. Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar a kan bindiga ce. Sai da na haifi nawa ɗan, na ga ranar da ya shigo gida idonsa jajir saboda an cuce shi, sannan na san irin tsoron da ke cikin tsohuwar nan lokacin da take sirantar da murya tana yi mana Gajera. Ta riga ta haƙura da shanu tun ranar da aka sace su. Ɗanta ne ba ta yarda ta haƙura da shi ba.

Ranar da Kaka ta rasu, mu mata muna gida. Ƙanena ne ya dawo daga maƙabarta ya gaya mini cewa Kawu ya shiga kabarin shi da kansa, ya hana kowa taya shi ta wajen kai. Da hannun dama ya tallafo kanta, ya juyar da fuskarta alƙibla.