Ranar da Na Soke Ƙwallon Ƙanena

Shekarun baya, ina sabon malamin firamare a Anka, ni ne alƙalin wasan ƙwallo na unguwarmu. Ba sanin doka ya sa aka ba ni usur ba. Ban iya ƙwallo ba ne kawai, in na buga ta gabas sai ta nufi kudu, abokaina suka ga gara in bar musu fili.

A lokacin, bayan an gama girbi, mukan buga da samarin Nasarawa Burkullu. Bana mu je, baɗi su zo. Matsalar ita ce kowa da irin ƙwallonsa. Mu muna bin dokar satar gida kamar yadda muke gani a talabijin. Su ba ruwansu da ita. Golansu yakan rungumi ƙwallo ya ruga da ita har tsakiyar fili, kuma in aka bangaje mutum ya faɗi, a wurinsu ƙarfi ne aka gwada. Mu ce mugunta suke yi, su ce mu ragwaye ne. Sau biyu a jere wasa ya ƙare da dambe, a na biyun har wani ya rasa haƙori. Mai unguwa ya kira mu ya ce in aka sake, zai ba manoma filin su shuka gyaɗa.

Cikin wannan damuwa na ci karo da wani tsohon littafin Turanci marar bango a kabad ɗin makarantarmu. Da ƙamus na karanta shi. Ashe can Ingila ma da farko kowace makaranta da dokarta, wasu suna ɗaukar ƙwallo da hannu, wasu ba su yarda ba. In sun haɗu sai rigima. Daga baya suka zauna suka rubuta doka guda. Waɗanda suka ƙi barin gudu da ƙwallo a hannu suka ware, nasu ya zama zari-ruga, daga shi kuma na Amurka ya fito, mai hular kwano. Amma duk ana raba lokaci biyu, ana canza gida, ana tashi daga tsakiya. Uwa ɗaya ce ta haife su.

Na ari babur ɗin abokina na bi hanya marar kwalta har Nasarawa. Kyaftin ɗinsu manomi ne, ƙato, kuma ba ya ƙaunar ganina saboda ni nake hura musu usur. Na same shi yana ɗaure damin dawa. Ko tabarma bai ba ni ba. Na tsaya a haka na ba shi labarin abin da na karanta, na ce yadda suke wasa ma akwai Turawan da haka suke yi har gobe, da sunansa da dokarsa.

Ya ajiye igiya ya dube ni. "Malam, ashe mu ba jahillai muke ba? To mi ya sa mutanenku ke ce muna ƙauyawa?"

Ni ma na taɓa ce musu haka. Na ba shi haƙuri. Sai a lokacin ya sa aka kawo tabarma da fura.

Mako biyu bayan haka muka zauna, biyar daga nan, biyar daga can. An yi ta musu tun hantsi har azahar. Suka yarda da satar gida, suka yarda gola ya tsaya cikin da'irarsa. Mu kuma muka yarda kafaɗa da kafaɗa ba laifi ba ne, muka karɓi al'adarsu ta tsawaita hutun rabin lokaci a yi la'asar tare. Na rubuta da boko, kyaftin ɗinsu ya kwafa da ajami, kowa ya tafi da tasa takarda.

Ranar wasa a filinmu aka yi, mutane maƙil, mai unguwa ma ya sa aka kawo masa kujera. Har kusan tashi ba wanda ya ci. Sai aka bugo wa ƙanena ƙwallo, shi ne ɗan gabanmu, ya tare ta da ƙirji ya sheƙa ta raga. Fili ya ɗauki ihu. Ni kuwa na ga ya wuce ɗan bayansu na ƙarshe tun kafin a bugo. Na san in na yi shiru 'yan Nasarawa ba za su gane ba, don ba su saba da dokar ba. Na hura usur, na ce satar gida ce, babu ci.

Mutanenmu suka yo kaina. Wanda ya shiga tsakani shi ne kyaftin ɗin Nasarawa. Ya zaro takardarsa daga aljihu ya ɗaga sama, ya ce su da ba su san satar gida ba sun karɓa, balle waɗanda suka kawo ta. Kowa ya koma wurinsa. Minti kaɗan bayan haka suka zura mana ɗaya, aka tashi a haka. Ba wanda ya ɗaga wa wani hannu. Mai unguwa ya naɗe rigarsa ya tafi, bai sake maganar gyaɗa ba.

Ƙanena ya kai ƙarata wurin mahaifiyarmu. Inna ba ta san komai game da ƙwallo ba. Ta tambaye ni ko ya yi laifin da na ce. Na ce ya yi. Ta juya ta ce masa, "To mi kake so yayanka shi yi, shi yi ƙarya?" Mako guda bai gaishe ni ba.

Na yi abubuwa da dama a aikin koyarwa, amma kaɗan ne nake tunawa da alfahari kamar wannan. Na gane cewa doka ba ta zama ta kowa sai ranar da ta ci wanda ya rubuta ta kuma ya haƙura. Wasanmu da Nasarawa ya ci gaba shekaru da yawa ba tare da faɗa ba.

Ƙanena yanzu yana da 'ya'ya biyar. Duk Sallah in muka haɗu sai ya ce taki ɗaya ne fa kawai ya wuce. Ni kuma in ce masa na sani, ai ni na gani.