Ƙasar da na rungumo daga Goronyo

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ara mini kunnuwanku.

Mun tashi da asuba daga Magarya, ni da matar ɗana, lokacin da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damana. Masarata, wadda da ita nake ciyar da marayun jikokina, 'ya'yan ɗiyata marigayiya, ta naɗe ganye kamar tabarma. Sai anka ce ta ƙanwata, can bayan Goronyo, tana tsaye kore shar. Na ce wa mutane zumunci za ni. Allah ya san ba shi kaɗai ba ne.

A Wurno munka shiga mota. Direba ya cusa mu tsakanin buhunan albasa, ya yanka kuɗi kamar Makka zai kai mu. Gonaki dama da hagu duk sun yi yaushi, kuma kowace na gani sai raina ya ɗan yi sanyi, tunda ba ni kaɗai ba ce.

Ƙanwata ta tarbe mu da hura mai nono. Ban kula hurar ba, don ta saman darni ina hangen masararta, har ta yi goyo. Yarinyar da ni na koya wa riƙon kalme, fartanyar nomanmu. Na ce a raina wani malami ya binne mata laya.

Da rana ta take, kowa ya kishingiɗa, sai na zaga gonar, na durƙusa na tona gindin kara ɗaya. Babu laya. Wani farin zare na gani, siriri kamar saƙar gizo, ya kama saiwa ya bazu cikin ƙasa.

"Yaya, mi kike nema?" Ashe ƙanwata tana bayana.

"Ƙaya ta soke ni."

"Ƙayar ce ta ja hannunki ƙasa har wuyan hannu?"

Ta zauna kusa da ni. Ta ce malaman gona sunka ba matan garinsu wani gari, ana zuba shi rami tare da iri. Hunhuna ce mai rai. Zarenta ke shiga inda saiwa ba ta kaiwa, ya jawo wa masara laima, ita kuma ta ciyar da shi. Ni da na tsufa ina shanyar hatsi don gudun hunhuna, ga ƙanwata tana kiwon ta.

Bakina ya ƙi roƙo. Babba ce ni.

Da za mu taho, ta fito da ƙwarya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ta ce wa maƙwabta dawo ne ta yi mini tsaraba. Ta raɗa mini: "Ƙasar gindin masarar ce da saiwoyi. Kada rana ta taɓa ta." Direba ya so ya ɗora ta saman mota, na hana. A cinyata ta zauna har gida.

Tafiyar ta koya mini cewa ana tona asirin mutum a tarar da aikinsa.

Ƙanwata ta cika rumbu, ta aiko wa jikokina buhu, na yi godiya. Matar ɗana ta ba duk unguwa labarin ƙaya. Masarata ta damana ta ƙone. Ƙasar kuwa na zuba ta a ramukan shukar fadama, ɗana yana faɗa wai in bar tumɓuke masara ina leƙen saiwa. Zaren ya kama. Ta ƙanwata dai ta fi tawa tsawo.