Jiƙon Goya na Baba Shitu

Baba Shitu yana da shekara goma sha tara lokacin da ya binne ƙafar mahaifinsa. Ciwon suga ne ya cinye ta, likitoci a Kano suka yanke daga gwiwa, suka miƙo ta a naɗe cikin farin ƙyalle. Shi ne babban ɗa, shi ya kai ta maƙabarta. Ya taɓa gaya mini cewa nauyinta bai dame shi ba, sanyinta ne ya zauna masa a hannu har yau.

Na san shi a Guangzhou, inda muke haya a bene ɗaya kusa da titin Huanshi Lu. Ɗan Fagge ne, shekararsa sha huɗu a garin, yana sayen abaya da kayan yara a kasuwar Shahe yana aika wa 'yan Kantin Kwari. Sana'ar duk ta ƙafa ce: daga wannan bene zuwa wancan, daga safe har la'asar. Abincin rana kuma a ɗakin Hajiya Abibata muke ci, wata 'yar zongon Kumasi da ke dafa wa fatake. Malmala uku ta tuwo Baba Shitu yake tashi da ita, ya bi da lemon kwalba.

Bara sabon takalmi ya ji masa ciwo a babban yatsan dama. Mako uku bai warke ba. Da ya je asibiti aka ce sugansa ya hau sosai, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya rage tuwo da shinkafa, ya dawo bayan kwana goma a duba yatsan. Bai koma ba. A wurinsa asibiti shi ne inda ake shiga da ƙafa biyu a fito da ɗaya.

A cikin kwanakin nan ya haɗu da Higa, wani dattijo daga Okinawa, tsibiran da ke kudancin Japan, wanda yake zuwa Shahe sayen riguna masu zanen furanni. Shekararsa saba'in da huɗu, amma ya wuce Baba Shitu a matakala da buhu a kafaɗa. Da guntun Turanci da fassarar waya suka saba. Higa ya nuna masa hoton mahaifiyarsa, mai shekara casa'in da bakwai, a tsugune tana cire ciyawa a lambu.

"Me kuke ci a garinku, laoban?" in ji Baba Shitu. Haka ake kiran kowane maigida a kasuwar.

Higa ya lissafa masa: dankali mai launin makuba, ganyen teku, awara, da wani abu kore mai ƙuraje da ya kira goya. Baba Shitu ya gane shi, ana tara shi a kowane teburin kayan miya a unguwarmu. Ya saya, ya gatsa, ɗaci ya game masa baki. Ya hau bene da sauri yana ɗingishi ya buga mini ƙofa.

"Faruƙu, ɗanɗana. Me ka ji?"

"Ɗaci, Baba."

"Garafuni ne. Garafuninmu na bayan gari, sai dai nasu ya ƙoshi. Ashe abin da ya riƙe su ke nan."

Mu a wurinmu abu mai ɗaci magani ne, magani kuma jiƙa shi ake yi. Ya yayyanka goya ya cusa a gorar ruwa, yana kurɓa safe da rana da yamma. Ƙwayoyin asibiti ya tura su ƙarƙashin katifa. Malmala uku tana nan yadda take, domin a ganinsa ɗacin yana bin zaƙin yana kashewa. Yatsan kuwa ya sa masa safa mai kauri, ya daina cirewa ko wurin alwala, sai dai ya shafa a kai. Daga baya ya gaya mini cewa shi kansa ya daina dubawa. Yakan canja safar yana kallon rufin ɗaki.

Na lura ɗingishin yana ƙaruwa. Na tambaye shi sau biyu, ya ce da sauƙi, na yi shiru. Wannan shirun yana damuna har yanzu.

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Higa ya zo ɗakin Hajiya Abibata don ya dafa mana goya irin ta gidansu. Hajiya ta tare shi a ƙofa tana binciken ledarsa, ta juya ga Baba Shitu.

"Alhaji, tambaye shi. In akwai alade a ciki, tukunyata ba za ta gan shi ba."

"Meyo, meyo," in ji Higa yana dariya, wato babu. Ya ce a garinsu da naman alade ake yi, kusan ba abin da suke yarwa a jikinsa, amma yau ƙwai da awara kawai ya kawo.

Ya yanka goyar siriri, ya murza ta da gishiri, ya soya da awara, ya fasa ƙwai a kai. Muka zauna a tabarma. Higa ya zuba wa kansa a ɗan ƙaramin faranti, da shinkafar da ba ta fi cikin tafin hannu ba. Da ya cinye ya ajiye cokali.

"Ci mana, laoban," in ji Baba Shitu yana tura masa kwano. "Baƙo ba ya tashi da yunwa a nan."

Higa ya dafa cikinsa. Ya ce tun suna yara ake koya musu su tsaya idan ciki ya kai kashi takwas cikin goma. Baba Shitu ya yi dariya, ya jawo gorarsa ya kurɓa, ya ɗaga ta da alfahari. Ruwan ya yi kore, yankakkiyar goya tana yawo a ciki.

Higa ya daɗe yana kallon gorar. Ya tambaya mene ne. Baba Shitu ya yi masa bayani, har da ƙwayoyin da ya ajiye. Sai dattijon ya ɗauki wayarsa ya yi magana a hankali, wayar tana maimaitawa.

"Wannan abinci ne. Mahaifiyata tana cin sa, tana cin kaɗan, tana noma, kuma tana shan ƙwayar hawan jininta kullum. Ƙanena ma goya yake ci tun yana yaro. Suga ya kama shi, ya ƙi likita. Ba shi da ƙafar hagu yanzu."

 Idon Higa ya sauka kan safar Baba Shitu, inda wani danshi ya ɓullo a kan yatsa.

"Cire mu gani, Baba," na ce.

"Ba komai ba ne."

"Alhaji," in ji Hajiya Abibata, muryarta ƙasa ƙasa, "kwana huɗu ke nan ina zargin kifina da wari. Na zubar da rabi. Cire safar nan."

Ya kai hannu, ya kasa. Ni na cire masa. Yatsan ya yi baƙi kamar gawayi, wani ja kuma ya taso daga gindinsa ya nufi idon sawu. Baba Shitu bai kalla ba. Fuskokinmu ya kalla, ya gane.

A cikin tasi ya riƙe gwiwarsa da hannu biyu har muka isa asibiti. Tambaya ɗaya ya sa na rubuta wa likita a waya: daga ina za ku yanke? Likitar ta ɗauki biro ta ja layi a gindin yatsan, ta ce wannan ya riga ya tafi. Sannan ta zagaye iyakar jan da wani layin a bayan ƙafa. Ta ce za a sa masa magani ta jijiya. In jan ya tsallake layin cikin kwana uku, sai a yi maganar yankewa daga ƙasan gwiwa.

Kwana ukun nan a gadon asibiti ya yi su. Carbi yake ja, bayan kowane ɗan lokaci ya ce, "Faruƙu, duba mini." In ɗaga mayafi in duba. Ran farko jan yana kan layin daidai. Rana ta biyu ma haka, har na rasa ko idona ne yake ganin ya ɗan haura. Higa ya ɗage tafiyarsa, kullum da hantsi yana zuwa ya zauna a kujera kusa da gadon. Rana ta uku da safe na ga farar fata tsakanin jan da layin biro, faɗinta bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na gaya masa. Ya ce in sake dubawa. Na sake.

Yatsa ɗaya aka cire. Ya koma Shahe bayan wata biyu, da takalmi mai faɗin baki, yana hutawa a kowane hawa. Hajiya Abibata ta koyi suyar goya da awara, ta kuma saya masa ɗan faranti nasa shi kaɗai. Malmala ɗaya take sa masa, in ya yi ƙorafi ta ce ya kai ƙara Okinawa. Ƙwayoyinsa suna aljihun gaba.

Tsoron dai bai bar shi ba. Ya sayi ƙaramin madubi yana duba tafin ƙafarsa kowace safiya, tsakanin yatsu huɗun ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci madubin ba ya isar masa. Sai in ji an buga mini ƙofa kafin in fita kasuwa, in buɗe in same shi tsaye da safa a hannu.